Fiziks zan karanta: in bi sunan jami'a ko in duba aljihun Baba?

Zainabu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Fiziks nake son karantawa, kuma ba jiya na fara so ba. Tun muna aji huɗu a sakandare malaminmu ya ɗaure dutse da zare ya rataye a bakin ƙofar aji, ya ce mu ƙirga lilo ashirin da agogon hannu, mu fitar da ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Muka samu 9.6, littafi kuwa ya ce 9.8. Bai gyara mana ba. Cewa ya yi mu je mu nemo masa inda sauran ya shiga. Kwana uku na yi ina juya wannan 0.2 ɗin a raina, daga nan kuma ban sake sha'awar wani fanni ba.

Yanzu jami'o'i biyu sun ba ni gurbi. Ba zan kama suna ba. Ta farko irin wadda in ka ambata a taro sai ka ga mutane sun gyara zama. Sun rage mini wani abu a kuɗin makaranta, amma abin da ya rage, in aka haɗa da masauki da zirga-zirga, ya ninka na ɗayar sau huɗu har da ɗoriya. Ta biyun ta gwamnati ce, daga gida zan riƙa zuwa, tallafin da suka ba ni ya kusa rufe komai. Sai dai ba wanda zai ji sunanta ya ɗaga kai.

Baba ya kafe a kan ta farko. Saura shekara biyu ya yi ritaya, ya ce zai ci bashi, in kuɗin sallamarsa sun fito ya biya. Shekaranjiya da tsakar dare na fito shan ruwa na tarar da shi zaune da takardun biyu da kalkuleta, ya sa tabarau yana rubutu a bayan ambulan. Yana ganina ya kife ambulan ɗin ya ce, "Uwata, je ki kwanta." Da safe na leƙa. Lissafin ya tafi daidai a shekarar farko da ta biyu. A ta uku ya ja layi biyu ya sa alamar tambaya, ta huɗu ko rubuta ta bai yi ba. Ƙannena uku suna bayana.

Burina in kai digiri na uku in zama mai bincike, taurari nake so musamman. To don Allah waɗanda suka bi hanyar nan, fiziks ɗin da ake koyarwa a can dabam yake da na nan? In na zaɓi mai arahar, sunanta zai rufe mini ƙofa nan gaba? Kada a lallashe ni, a gaya mini gaskiya. Nan da mako biyu zan ba da amsa.

Dakta Sani

Wa'alaikumus salam, 'yata. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da wannan fanni, na kuma zauna a kwamitin da ke tace masu neman digiri na biyu da na uku, to zan faɗa miki abin da idona ya gani.

Kafin nan, 0.2 ɗinki. Ina kyautata zaton tsawon zaren kuka auna zuwa inda aka ƙulla, ba zuwa tsakiyar dutsen ba. Ko kuma kun ja dutsen da nisa kafin ku sake shi, lilon ya ɗauki lokaci fiye da yadda lissafin ya ɗauka. Duka biyun ƙasa suke jawo amsar. Ki gaishe mini da malaminku, ya san aikinsa.

Fiziks na digirin farko kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Za ki fara da motsi bisa dokokin Newton, a sake koya miki shi ta hanyar Lagrange da Hamilton. Za ki yi lantarki da maganaɗisu har ki haddace ma'auni huɗu na Maxwell. Za ki yi kwantum, wato fiziks ɗin ƙwayoyin zarra da abin da ya fi su ƙanƙanta, ki yi ilimin zafi da ƙididdigar ƙwayoyin zarra, ga kuma lissafi da zai bi ki kamar inuwa daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe. Littattafan ma ɗaya ne. Na David Griffiths a kan lantarki da kwantum, wanda ɗalibin babbar jami'a ke kuka da shi, shi ɗalibina ke kuka da shi. Jami'ar MIT ta fara zuba darussanta kyauta a intanet tun 2002, da laccoci da tambayoyin jarrabawa. Sabon bincike kuwa, tun 1991 da Paul Ginsparg ya kafa rumbun arXiv, masana fiziks can suke fara ajiye takardunsu kafin mujalla ta buga, kuma ba a biyan ko kwabo a karanta. Ilimin kansa ba a kulle yake a bayan katangar kowa ba.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma ina so ki fahimtar da Babanki, shi ne yadda kuɗi ke tafiya a wannan fanni. Digirin farko ke za ki biya. Digiri na uku a fiziks, a Amurka da Kanada da Jamus da ƙasashe da dama, yawanci ke ake biya. Ana yafe miki kuɗin makaranta a ba ki alawus, ki riƙa koyar da ƙananan azuzuwa ko ki yi aiki a ɗakin binciken malaminki. A Jamus sau da yawa ma takardar ɗaukar aiki ake ba ɗalibi. Sai dai alawus ɗin na rufin asiri ne kawai, kuma a Amurka za ki yi shekara biyar ko shida a haka. To ki lissafa. Shekara huɗu ana cin bashi, sannan shekara shida ba ki da abin da za ki taimaka a biya. Shekara goma ke nan, Baba ya daɗe da ajiye aiki, ƙannenki sun iso bakin ƙofar jami'a. Da likita za ki zama ko injiniya, da sai in ce albashin farko zai fara rage nauyin. Mai bincike a fiziks ba ya saurin tara abin duniya.

Suna yana da tasiri, ba zan ɓoye miki ba. Amma sunan da ake dubawa shi ne na ƙarshe. A 2022 mujallar Nature ta buga wani bincike da ya bi diddigin malaman jami'o'in Amurka kusan 300,000. Aka gano kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka yi digiri na uku a ƙasar sun fito ne daga kusan kashi 20 cikin ɗari na jami'o'in, kuma jami'o'i biyar kacal, wato Berkeley, Harvard, Michigan, Wisconsin da Stanford, su suka yaye kusan ɗaya cikin kowane takwas. Abin tsoro ne, amma ki lura, inda aka yi digiri na uku aka ƙirga. Ni in takardar mai digiri na uku ta zo gabana, wa ya duba aikinsa nake tambaya, da me ya wallafa. Ban cika tuna inda ya yi na farko ba.

Kuma akwai gadoji tsakani. Idan daga ƙasa mai tasowa kike, cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya tun 1991, suna ɗaukar nauyin ɗalibi, kuma an shirya ta ne musamman don a share wa irinki hanyar shiga digiri na uku. Akwai AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, da Neil Turok ya kafa a 2003 kusa da Cape Town, yanzu tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Akwai shirin digiri na biyu na cibiyar Perimeter a Waterloo ta Kanada. Dukkansu sakamako suke dubawa da wasiƙar malamai.

In Baba yana son misali, ki ba shi labarin City College ta New York. Har zuwa 1976 kyauta ake karatu a cikinta, 'ya'yan baƙin haure da talakawa suka cika ta. Robert Hofstadter da Arno Penzias da Leon Lederman duk can suka yi digirin farko, suka ci kyautar Nobel a fiziks a 1961 da 1978 da 1988. Shuji Nakamura, ɗaya daga cikin ukun da suka samu kyautar a 2014 saboda fitilar LED mai shuɗin haske, Jami'ar Tokushima ya yi, ba Tokyo ba, ba Kyoto ba.

Ni dai da 'yata ce, ba zan bar a jingine kuɗin sallama saboda digirin farko ba.

Habu

Ranka ya daɗe Dakta, a gafarce ni, zan ɗan ja da kai. Abin da ka faɗa ban ga ƙarya a ciki ba, amma daga kujerar malami ka hango. Ni daga bencin ɗalibi na gani.

Mutanen City College da ka lissafa, ina suka wuce daga nan? Hofstadter Princeton ya tafi, Penzias da Lederman Columbia. Kuma mun san sunansu ne don sun kai. Dubban da suka zauna aji ɗaya da su ba wanda ya kawo mana labarinsu.

Zainabu, ƙanwata, ni na zaɓi mai arahar, da irin dalilinki. A littafin kwasa-kwasan sashenmu komai akwai, har da kwantum kashi na biyu da ilimin taurari. Da muka shiga shekara ta uku, malamin kwantum ya samu aiki a wata ƙasa ya tafi. Aka ba wani bawan Allah wanda fanninsa dabam, ya karanta mana babi uku daga littafi, aka yi jarrabawa, kowa ya ci. Kashi na biyun ba a taɓa buɗe shi ba har muka fita. Ɗakin gwaje-gwajenmu akwai osiloskof guda biyu, wato na'urar da ke nuna rawar igiyar lantarki a fuskarta, a cikin kabad mai gilashi, a kulle, makullin yana hannun mutumin da sau uku na taɓa ganinsa. Ranar gwaji sai a rubuta mana sakamakon 'yan bara a allo mu kwafa mu zana jadawali. Na gama da sakamako mai daraja ta ɗaya ban taɓa ganin igiyar lantarki tana rawa a fuskar na'ura ba. Wallahi har yau in na tuna gilashin nan sai raina ya ɓaci.

Na nemi digiri na uku a wurare tara, tara ɗin suka ba ni haƙuri. Daga baya wani farfesa ya yi mini bayani a fili: wasiƙun da aka rubuta mini duk cewa suke ni yaro ne mai ladabi da hazaƙa, ba wadda ta ce ga aikin da na yi da hannuna, domin ba aikin da aka ba ni. Sai da na koma na yi digiri na biyu a wani wuri, na yi bincike na gaske, sannan aka karɓe ni. Shekara biyu da rabi suka tafi a haka. Su ma ai kuɗi ne, ba a dai rubuta su a bayan ambulan ba.

Sannan akwai abin da ba ya shiga intanet, wato abokan karatu. A ajinmu mu uku ne muka zo don muna son fiziks, sauran turo su aka yi bayan sun rasa kwas ɗin da suke nema. In tambaya ta kulle mini da ƙarfe ɗayan dare ba wanda zan ƙwanƙwasa wa ƙofa. A babbar jami'a kuɗin da kike biya rabinsa na waɗanda za ki zauna da su ne.

Akwai binciken Stacy Dale da Alan Krueger na 2002, wanda masu cewa suna ba komai ba ne suke yawan kafa hujja da shi. Sun kwatanta ɗaliban Amurka masu ƙwazo ɗaya, wasu suka shiga manyan jami'o'i wasu suka shiga na ƙasa da su, aka ga daga baya samunsu kusan ɗaya ne. To amma a cikin binciken nan dai suka ce 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi su kam sun fi amfana in suka shiga babbar. Dalilin a ganina ba boyayye ba ne. Ɗan mai hali ya riga ya san mutane tun daga gida. Ɗan talaka a makaranta zai same su.

Ban ce ki ci bashi ba. Cewa na yi kada ki ɗauka arha ba ta da nata farashin.

Maman Sadik

Zainabu 'yata, ni ban san fiziks ba, uwa ce kawai da ta biya kuɗin makarantar yara uku.

An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, to amma na mai shirin ritaya ba ɗaya yake da na saurayi ba. Babanki ba zai taɓa buɗe baki ya ce miki ba zai iya ba. Alamar tambayar da kika gani ita ce maganarsa.

Abu biyu ki bincika kafin komai. Rangwamen da babbar ta yi miki, na shekara huɗu ne ko na shekarar farko? In ana sabuntawa, da wane maki? Mu haka aka yi mana. Sadik ya samu rangwame, a ƙasan takardar da ƙananan baƙaƙe an rubuta makin da dole ya riƙe. Zangon karatu na uku ya yi rashin lafiya, maki ya sauka kaɗan, rangwame ya tafi, kuɗin makaranta kuma an ƙara. Daga baya ma ya ce shi injiniyanci yake so. Ban ce ke ma za ki sauya ba, amma zuciyar ɗan shekara goma sha takwas ba a cin bashi a kanta.

Na biyu, ki rubuta musu. Ki ce kina son zuwa, ga abin da gidanku zai iya, ga tayin da wata jami'a ta yi miki, ko za su sake dubawa. Mai nema yana tare da samu, in sun ƙi ba abin da ya ragu a jikinki.

Dakta Sani

Malam Habu, na karɓa. Irin sashen da ka bayyana na san shi, na taɓa zuwa duba jarrabawa a makamancinsa, na dawo gida ban iya magana ba. Inda muka rabu kaɗan ne. Kai ka kwatanta babbar jami'a da mataccen sashe. Zainabu ba ta gaya mana nata matacce ne ba, ita ma ba ta sani ba tukuna. Akwai ƙananan sassa masu rai, inda malami ke sanin sunan kowane ɗalibi ya ja shi ɗakin bincike tun shekara ta biyu, alhali a wasu manyan jami'o'in ɗalibin digirin farko yana bayan layin masu digiri na uku, farfesan ma sai a lacca yake hango shi.

'Yata, tunda kusa take, ki tashi ki je da ƙafarki. Kada ki karɓi littafin kwasa-kwasai, Habu ya gaya miki abin da ke cikinsa. Jadawalin darussan bara da na bana za ki nema, ki ga abin da aka koyar da gaske a shekara ta uku da ta huɗu. Ki rubuto sunayen malaman ki neme su a arXiv ko Google Scholar. Wanda rabonsa da wallafa takarda shekara goma, ba zai koya miki bincike ba ko da yana so. Mutum biyu masu aiki sun ishe ki. Ki tare 'yan shekarar ƙarshe a inda ba malami, ki tambaye su waɗanda suka fita bara ina suke yanzu. Sannan ki ce a buɗe miki ɗakin gwaje-gwaje, ki ce a kunna. Ki kuma tambaya ko sun taɓa tura ɗalibi shirin bazara na CERN a Geneva ko na DESY a Jamus, manyan cibiyoyin binciken fiziks, domin duka biyun suna karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje, kuma wata biyu a irin wurin nan yana samar da wasiƙar da Habu ya rasa.

In kin je kin tarar da kabad mai gilashi, ki dawo mu sake lissafi. A lokacin ni da kaina zan ce a nemi hanya ta uku.

Zainabu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Habu, maganarka ta hana ni barci, shi ya sa jiya na je.

Jadawalin sai da na yi zarya uku kafin sakatariyar sashen ta ciro mini shi daga ƙasan wasu fayiloli. Kwantum kashi na biyu an koyar bara, ɗalibai shida suka zauna. Ilimin taurari yana cikin littafi, amma shekara uku ke nan ba a buɗe shi ba, ba malami. Wannan ya sosa mini rai, domin shi na zo nema.

Malamai goma sha ɗaya ne. Na nemi sunayensu a waya ina zaune a barandar sashen. Bakwai ban ga komai nasu na kwanan nan ba. Biyu suna da 'yan takardu. Biyu kuwa suna aiki sosai, ɗaya a cikinsu mace ce mai bincike a kan sinadaran da ake yin faifan sola da su. Na yi ƙarfin hali na ƙwanƙwasa ofishinta. Ta ba ni minti goma, suka zama arba'in. Ta ce ɗalibanta biyu suna digiri na uku a waje yanzu, ɗaya ta hanyar Trieste ya bi. Ta ce taurari ba fanninta ba ne kuma ba za ta yaudare ni ba, amma mai son taurari abin da zai fara riƙewa shi ne lissafi da kwantum da rubuta manhaja da Python, in na iya waɗannan za ta haɗa ni da wanda ta sani. Osiloskof huɗu ne, na ce a kunna kamar yadda Dakta ya ce, mai kula da ɗakin ya dube ni sama da ƙasa sannan ya kunna. Uku sun kawo.

Mama, na duba takardar. Rangwamen shekara-shekara ake sabuntawa, kuma akwai sharaɗin maki, a shafi na biyu can ƙasa. Na rubuta musu yau da safe, sun ce in saurare su cikin kwana goma. Wa'adina kwana goma sha ɗaya ne.

Baba bai san na je ba, bai kuma san na ga ambulan ɗin ba. Ya riga ya gaya wa abokan aikinsa sunan babbar. Dakta, in ba damuwa, zan nuna masa abin da ka rubuta game da shekara goman nan, wataƙila daga bakin malami ya fi saurara. Kuma ka canka daidai, zuwa ƙullin muka auna. Ni na riƙe rular.